Na gaji faya-fayan Muddy Waters guda uku, in sayar ko in ajiye?

Ɗan Dilimi

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri in fara da labari.

Watan jiya muka buɗe ɗakin marigayi Baba a Unguwar Rogo, Jos, za a canja kwano kafin damina. Shekara huɗu da rasuwarsa ba wanda ya taɓa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, ni duk zatona takardun fili ne a ciki. Ashe faya-fayan garmaho ne guda goma sha ɗaya, an naɗe su da tsohon zanin Inna. Takwas na kiɗan Gana ne da na kudu, ukun kuma na wani baƙar fatar Amurka ne mai suna Muddy Waters. A jikin kwalayen an rubuta The Best of Muddy Waters, da At Newport 1960, da Folk Singer. Baba ma'aikacin lantarki ne a wani kamfanin kuza a Bukuru, Inna ta ce Baturen da Baba ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya bar masa su da zai koma ƙasarsu.

Na kai su wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Titin Bauchi, yana da injin da ke juya su. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kamar ba mutum ɗaya ba. Na farkon jita ce ke kuka kamar goge, murya kuma mai kauri. Na biyun hayaniya ce da tafi, sai ka ce filin dambe. Na ukun shiru-shiru, kamar mutum na zaune a zaure bayan Isha'i yana yi wa kansa waƙa.

To, shi wane ne? Kuma wani ya taya ukun naira dubu talatin, in sallama? In ban sayar ba, yaya ake adana su?

Mazaunin Naraguta

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, mutum ɗaya ne, abin da ka ji zamani uku ne na rayuwarsa, kuma da gangan ko da dace Baturen nan ya iya zaɓe.

Sunansa na yanka McKinley Morganfield. A gonar auduga ta Stovall ya tashi, kusa da garin Clarksdale a jihar Mississippi, yana tuƙa tarakta, daren Asabar kuma ya yi wa mutane kiɗa. A 1941 Alan Lomax da John Work suka je da na'urar naɗar sauti suna tattara waƙoƙin mutanen karkara saboda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A gidansa na katako suka naɗe shi, Lomax ya sake komawa a 1942. Ladan da aka aiko masa dala 20 ne da kwafi biyu na faifan. A 1943 ya tattara ya nufi Chicago, kamar yadda dubban baƙaƙen kudu suka yi ci-rani zuwa arewa a lokacin.

A can ne wutar lantarki ta shigo. Gidajen rawa na Chicago surutu ya yi yawa, jitar katako ba ta kai wa bayan ɗaki, dole ya nemi mai haɗawa da amfilifaya. Kukan da ka ce kamar goge, salon Mississippi ne: makaɗi ya zura wuyan kwalba ko guntun bututun ƙarfe a ɗan yatsa, ya riƙa goga shi a kan tsirkiya maimakon ya danna. Da aka ba wa wannan salo wuta sai ya zama wani abu dabam.

Faifanka na farko ya fito a 1958, waƙoƙi 12 ne da aka tattaro daga ƙananan faya-fayan da ya yi tsakanin 1948 da 1954 a kamfanin 'yan'uwan nan Leonard da Phil Chess. Ni a ganina nan ne cibiyar, in duk sauran za su ɓace a bar wannan, an san ko shi wane ne. Ka sake saurara a tsanake. A I Can't Be Satisfied ta 1948 daga shi sai mai babbar jitar tsaye, ba ganga ma. Kafin a kai Hoochie Coochie Man ta 1954 ƙungiya ta cika: Little Walter na busa hamonika, Jimmy Rogers a jita ta biyu, Otis Spann a fiyano, Willie Dixon wanda ya rubuta waƙar yana riƙe da bes, wato babbar jitar tsayen nan. Waƙar kanta kirari ce tsantsa, irin na 'yan tauri. Kiɗa ya buga ya tsaya cak, shi ya wasa kansa, kiɗa ya sake bugawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san wannan tsari ko bai ji Turanci ba. A cikin faifan akwai Rollin' Stone ta 1950, wadda samarin Ingila suka ciri sunan ƙungiyarsu Rolling Stones daga gare ta.

Na Newport kuwa ranar 3 ga Yuli 1960 aka naɗe shi a bikin kiɗa na garin Newport, a gaban taro, galibi fararen fata masu son jaz. Daren da ya gabata an yi tarzoma a garin har aka soke sauran bikin. Shi ya sa waƙar ƙarshe ta ban kwana ce, mawallafi Langston Hughes ya rubuta baitocin nan take, kuma ba Muddy ne ya rera ba, Otis Spann ne. Ka duba kwalin: jitar da yake riƙe da ita a hoto ma ba tasa ba ce, ta wani mawaƙi John Lee Hooker ce.

Folk Singer na 1964 dabarar kasuwa ce. Ɗaliban jami'a sun raja'a a kan kiɗan gargajiya mara lantarki, sai kamfani ya ce ya ajiye amfilifaya ya koma salon ƙauye, aka haɗa shi da makaɗin jita Buddy Guy yana saurayi. Masu harkar sauti suna yabon tsabtar naɗinsa har yau. Ni dai ina ganin an ɗan yi masa kwalliya fiye da kima, amma wannan ra'ayina ne.

Tsohon Injiniya

Yaro, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Tarihi Malam ya gama da shi, ni bari in yi maganar da na sani, don shekara talatin da ɗoriya na yi ina juya faifai da tef a gidan rediyo kafin in yi ritaya.

Na ɗaya, kada ka kuskura ka ɗora su a tsohon garmaho mai wani da hannu. Wancan na faifan 78 ne, allurarsa ƙarfe ce mai nauyi, sau ɗaya za ta bi ta kan naka ta share layin. Naka na roba ne, juyi 33 da sulusi a minti, allura mai kan lu'ulu'u suke so. Ka tambayi dattijon nan na Titin Bauchi yaushe rabon da ya canja tasa. In ya fara kame-kame, ka ɗauke kayanka.

Wanki: ban da fetur, ban da kananzir, ban da omo. Na ga wanda ya goge faifan Shata da man gyaɗa wai don ya yi ƙyalli, har yau ban huce ba. Ruwan batir da ba a sa masa asid ba, wato tataccen ruwa, da ɗigon sabulun ruwa guda, da ƙyalle mai laushi, ka bi layin a zagaye. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ka bar shi ya bushe a inuwa.

Ajiya a tsaye, kamar littattafai a kanta, ba a kwance wani kan wani ba. Sanyin Jos ne ya cece ku, da a ƙarƙashin kwano a Sakkwato akwatin nan ya yi shekarun nan da tuni sun lanƙwashe kamar faifan tuwo. Abokin gabarka ƙurar hunturu ce, saboda haka ka sa kowanne a rigarsa.

Wani abu kuma da mutane ba sa lura: in za ka sayi inji na gwanjo, ka duba bayansa. Wanda aka yi wa Amurka wutarsu 110 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 ce mai bugu 50. Ko ka sa masa taransifoma bai ƙone ba, wasu injinan da bugun wuta suke auna gudu, sai faifai ya riƙa jan ƙafa, murya ta ƙara kauri. Mutumin naka dama muryarsa a ƙasa take, sai ka zaci aljani ne. Ka nemi na Ingila.

Batun sayarwa, daraja tana ga bugun farko da lafiyar faifai da kwalinsa. Ka karanto min abin da ke rubuce a takardar tsakiya da ƙananan lambobin da aka karce kusa da ita. Kafin nan kada ka karɓi ko kwabo.

'Yar Gangare

Sannunku da ƙoƙari. Ni daga Abuja nake bin zancen, amma a Gangare aka yanke min cibiya.

Malam Mazaunin Naraguta, abin da ya tsaya min a rai a bayaninka ba kiɗan ba ne. Ka iya faɗin ranar da aka naɗi abu, da wanda ya busa, da wanda ya kaɗa, shekara sittin da wani abu bayan an yi. To don Allah a faɗa min ranar da Ɗan Maraya ya fara naɗar Waƙar Karen Mota, da wurin. Mutumin nan a garinmu ya rayu, sai a Yunin 2015 ya rasu, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Waƙoƙinsa da ke wayata duk daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma kwafin kwafi, wata an yanke mata kai, wata mai talla ya yi magana a tsakiya. Kawuna yana da shagon kaset a kasuwar Terminus, gobarar 2002 ta cinye komai, har da waɗanda shi da kansa ya naɗa a wuraren biki.

Saboda haka ƙanena, ni takwas ɗin da ka tsallake a layi ɗaya su na fi so in ji labarinsu. Na Ba'amurken ko ka yar a kwata akwai su a intanet.

Mazaunin Naraguta

Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, amma kada ki ɗauka su ma sun tsira. An sayar da kamfanin Chess a 1969, tefa-tefan asali suka yi ta sauya hannu har suka faɗa hannun kamfanin Universal. Ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta tashi a ma'ajiyarsu a California. Sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa cewa an yi asarar ɗimbin tefa-tefan asali, ta lissafa na Chess a ciki, kamfanin kuma ya ce an zuzuta yawan. Abin da ya rage wa mai sauraro shi ne kwafin da aka riga aka fitar, da irin waɗannan da suka watsu a duniya har ɗaya ya ƙare a ƙarƙashin gado a Unguwar Rogo.

Haƙƙin mawaƙa ma ba a ba su a faranti ba. Muddy da Willie Dixon sai da suka kai kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙinsu kotu a 1977. Dixon ya kuma maka ƙungiyar mawaƙan Ingila Led Zeppelin a kotu a 1985 saboda baitocin You Need Love, wadda Muddy ya naɗa a 1962, aka sasanta a wajen kotu. Shi Muddy bai ga wannan ba, ya rasu ranar 30 ga Afrilu 1983.

Ɗan Dilimi, in kana son jin ƙarshen labarin ka nemi Hard Again na 1977, wanda makaɗin jita Johnny Winter ya shirya masa bayan ya bar Chess. Dattijo ne a lokacin, amma za ka ji ana ihu a bayansa don murna.

Tsohon Injiniya

'Yata, gaskiya kika faɗa, kuma da hannuna a ciki. Akwai shekarun da ba a sayo mana sabon tef, in za a naɗi jawabin wani babba sai a ce a ɗauko tsoho a goge. Na goge abubuwan da ba na son tunawa. Wasu na ɓoye a gida, suna nan a kwali, ba kwanan wata a jikin ko ɗaya don ba a koya mana rubutawa ba.

Ɗan Dilimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na fasa sayarwa, mai tayin har ya ƙara dubu biyar na ce ya yi haƙuri.

Jiya na samo na Newport a waya na kunna wa Inna. Ana shiga Got My Mojo Working ta ajiye tsintsiya ta ce ai wannan ce waƙar ranar Asabar, Baba yana goge takalmi yana bin ta da baki, ita kuma tana yi masa tsiya wai yana waƙar da bai san ma'anarta ba. Na ce mata wai laya mutumin yake cewa ya ɗaura amma ta ƙi ci a kan wadda yake so. Ta yi salati ta ce da ta sani da tuni ta kai faifan murhu.

Yaya 'Yar Gangare, zan ɗauki hoton takwas ɗin in saka nan gobe in Allah ya kai mu, biyu ba su da kwali. Baba Injiniya, ranar Asabar bayan La'asar zan rufe shago da wuri in kawo maka duka ka duba lambobin. Folk Singer yana tsalle a waƙa ta biyu, ban sani ba ko datti ne ko karcewa. Allurar kuma a ina ake samunta a Jos, ko sai an aika Legas?