Yaron da ke ture kayan lambu: me za mu kira halinsa da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan wata kalma tana yi mini yawo a rai. Turawa na da sunan da suke ba yaron da za a ajiye wa abinci ya ture, ya ce shi abu kaza kawai zai ci: picky eater. Mu me za mu ce? Ba don ado nake tambaya ba. 'Yata shekararta 4, likita ya tabbatar tana da cutar siliyak, wato ciwon hanji da cin alkama ke tayarwa, ya hana ta duk abin da aka yi da alkama, ya kuma ce a ɗaga mata madara na wani lokaci. Abin da za ta iya ci ya ragu, kayan lambu ne ya kamata su cike gurbin, su ne kuwa ba ta ko son gani.

Bari in fara sauke wata kalmar da ta tare hanya, wato gulutin, sinadarin cikin alkama da ke cutar da mai siliyak. Wani malami a cikinmu ya kawo "danƙon alkama", kuma ya burge ni. Asalin kalmar a Latin abin liƙi take nufi. Ki kwaɓa garin alkama, ki yi ta wanke ƙullun cikin ruwa har sitacin ya fita, abin da zai rage a hannunki mai talewa kamar roba, shi ne. Haka Jacopo Beccari ya ware shi a Bolonya ta Italiya a 1728. Sai dai Malam, ina da tsoro ɗaya: sha'ir da hatsin da Turawa ke kira rye su ma suna ɗauke da shi. Uwar da ta ji "danƙon alkama" za ta iya ba ɗanta sha'ir hankalinta kwance, alhali ga mai siliyak ɗan kaɗan ma yana cinye 'yan tsirgogin da ke cikin ƙaramin hanji, waɗanda ke tsotse amfanin abinci. Ma'aunin duniya bai yarda a rubuta "babu gulutin" a jikin kaya ba sai in bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Don haka ni dai gulutin zan riƙe a matsayin suna, danƙon alkama kuma in yi bayani da shi.

Sunan abincin da babu madara a cikinsa bai ba ni wahala ba: "marar madara". A kula dai kada a haɗa shi da "marar sukarin madara". Na biyun madara ce aka narkar da sukarinta, furotin ɗinta na nan daram, kuma yaron da jikinsa ke borin madara furotin ɗin ne ke tayar masa.

To, mu dawo kan yaron. Kalmomi huɗu aka ba ni. "Zaɓen abinci" daidai ne, amma fanko ne, bai faɗi dalili ba, babba mai ciwon suga ma yana zaɓe. "Tsirfa" da "shagwaɓa" na ƙi su ƙememe, domin hukunci ne ba suna ba. Da zarar kin ce ɗanki tsirfa yake yi, kin riga kin ɗora masa laifi, abin da zai biyo baya tsawa ce da ɗure. "Ƙyanƙyami" ya matso kusa, amma shi na abin da ake ganin ƙazanta ne, yarinyata kuwa ba ƙazantar karas take gani ba.

Sai wata Yaya da ta raini yara da yawa ta rubuto mini kalma ɗaya: ƙiwa. Na daɗe ina kallonta.

Ku tuna yadda ƙiwa take. Jariri na wasansa, baƙo ya miƙo hannu, sai ya ƙanƙame uwarsa ya fashe da kuka. Ba wanda ke cewa ba shi da tarbiyya, kuma ba mai hankalin da zai cusa shi hannun baƙon da ƙarfi. Kowa ya san maganin: baƙon ya zauna nesa kaɗan, ya dawo gobe, ya dawo jibi, har yaron ya kai hannu da kansa. Abin da masana suka gani a abinci ke nan. Tsoron baƙon abinci yana ƙaruwa ne tsakanin shekara 2 zuwa 6, sannan ya fara sauka. Leann Birch, mai nazarin halayyar yara a Amurka, ta nuna a 1982 cewa yawan ɗanɗana abu na sa 'yan shekara 2 su fara son sa, kuma adadin da ake yawan ambata shi ne sau 8 zuwa 15. Mu kuwa a karo na uku muke sallamawa.

Ga yara irin tawa, kalmar ta fi dacewa ma. Yaron da ya yi watanni yana cin abinci cikinsa na murɗawa ya koyi cewa faranti na iya cutarwa. Ƙiwarsa tana da tushe.

Kuma kalmar da kanta tana gyara dabara. An ba ni shawarar in markaɗe kayan lambu in ɓoye a cikin abinci. Ina yi, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 5 na buƙatar aƙalla giram 250 na kayan lambu da na marmari a rana, kuma wadda aka hana madara tana buƙatar kalsiyam daga burokoli da dangin kabeji, tunda na alayyafo jiki ba ya iya tsotsar mafi yawansa. Amma ɓoye baƙo a bayan ƙofa ba ya cire ƙiwa. Dole ta gan shi da fuskarsa: yanka ɗaya a gefen abin da ta saba, ta wanke da hannunta, ta ga ina ci, ba roƙo ba alkawarin alewa. Tunda babu cuku balle garin burodi da za su rufe ɗacin, gashi nake yi da ɗan mai, don gashi na fito da zaƙin karas da kabewa.

An yi mini gyara biyu, na karɓa. Na farko, a wasu bakunan ƙiwa ko ƙiwuya na nufin ƙin aiki, shi ya sa ba za a bar ta ita kaɗai ba, sai a ce "ƙiwar abinci", yaron kuma "mai ƙiwar abinci". Na biyu, in yaro na ramewa, ko yana kakarin amai da ganin abinci, ko abin da yake ci bai wuce a ƙirga da yatsu ba, wannan ya wuce ƙiwa, a koma wurin likita.

Ni dai daga yau ƙiwar abinci zan riƙa rubutawa. Jiya ne karo na 11 da na ajiye mata gasasshen karas. Ta ɗauka, ta lasa, ta mayar gefen faranti. Gobe zan sake ajiyewa.