Yaya aka yi Lincoln ya ci zaɓen 1860 da ƙasa da kashi 40?

Sadiya, Unguwar Rogo: Salamu alaikum. Malamai, don Allah ku warware mini: an ce Abraham Lincoln bai kai kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un Amurka ba a 1860, amma shi aka rantsar. Rabuwar 'yan adawa ce ta ba shi?

Malam Sabo, Gangare: Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Can ba yawan ƙuri'a ke naɗa shugaba ba, wakilan jihohi ne. A 1860 wakilan 303 ne, ana neman 152. A kusan kowace jiha, wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilanta kaf, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. Lincoln ya ɗauki New York mai 35, Pennsylvania mai 27, Ohio mai 23, ya haɗa da sauran jihohin Arewa, ya tashi da 180. Cikin abokan takararsa uku, John Breckinridge ya samu 72, John Bell 39. Abin tausayi Stephen Douglas: shi ne na biyu a yawan ƙuri'a, amma da 12 kacal ya tsira, don ƙuri'unsa a warwatse suke, a jihohi da yawa na biyu yake zuwa.

Baba Ɗanladi, Dilimi: Batun rabuwar nan ana yawan zuzuta shi, 'yata. Gaskiya ne jam'iyyar Democrat ta dare gida biyu a taronta na Charleston kan maganar bayi a sababbin yankuna, daga baya ɓangare ɗaya ya tsayar da Douglas, ɗayan Breckinridge. Amma ki ɗauki biro ki lissafa. Ko da an tara ƙuri'un su ukun ga mutum ɗaya, Kalifoniya da Oregon da kasonsa na wakilan New Jersey kawai za a ƙwace wa Lincoln, wakilai 11. Saura 169, ya wuce 152 ɗin. A yawancin jihohin Arewa sama da rabi ya samu. Abin da ya ja kasonsa ƙasa shi ne Kudu: lokacin jam'iyyu ke buga takardar ƙuri'arsu su raba wa magoya baya, kuma a jihohi goma na Kudu ba a ma raba tasa ba.

Barista Hauwa, Titin Bauchi: Baba ya gama magana. In auna muku da tsarin mulkinmu na 1999: ban da rinjaye, sai ɗan takara ya samu kashi 25 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Amurka na da jihohi 33 a lokacin, wato ana buƙatar 22. Lincoln a 18 kawai ya haura wannan layi, waɗanda babu bauta a cikinsu. Da a nan ne, zagaye na biyu za a tafi. Su ba su da wannan sharaɗi, shi ya sa Kudu ta ga an yi shugaba ba da ita ba. An yi zaɓe 6 ga Nuwamba, zuwa 20 ga Disamba jihar South Carolina ta Kudu ta ɓalle daga Amurka, tun bai karɓi rantsuwa ba.