"A kama shi", "ku yaɗa": wa muke ba umarni in labari ya fito?

Malam Bello: Salamu alaikum. Da an ce an kai hari Maru ko Tsafe a nan jihar Zamfara, kafin ma a san wa aka rasa, sai ka ga Facebook ya cika da "a tsige wane", "gwamna ya fito ya yi bayani", "a turo jirage". Yaro ɗan shekara ashirin na ba sa'an kakansa umarni kamar ɗan aikensa. Ni dai a ganina rashin tarbiyya ne, kuma ba ya gyara komai.

Hauwa'u: Wa'alaikumus salam. Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Uwar da aka kwashe ɗiyarta a makarantar 'yan mata ta Jangebe a 2021, za a ce ta zauna ta tsara kalmomi? Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati. Mai cewa "ku kawo mana ɗauki" haƙƙinsa yake nema, ba alfarma ba.

Kabiru: Kuma yakan yi tasiri, Malam. A Afrilun 2019 an yi zanga-zanga a Abuja kan kashe-kashen Zamfara, a kwanakin nan gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar. Bai kawo ƙarshen matsalar ba, amma an ji.

Malam Bello: Waɗannan sun fito da fuskokinsu, sun ambaci wanda suke nufi. Namu kuwa "a duba", "a yi wani abu". Wa zai duba? Aikin da ba a ɗora wa kowa ba, ba mai ɗaukarsa.

Hajiya Rabi: Tsoro ne, Malam. An sha kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Talaka ya ga haka, dole ya sakaya suna.

Aminu: Iyayena da yayyena, duk kuna kallon sama, ni ƙasa ke damuna. Umarnin da muke jefa wa gwamnati da wuya a bi shi. Wanda muke ba junanmu shi ake aikatawa, kuma nan take. A sa hoton mutum, a rubuta "infoma ne, a gama da shi, ku yaɗa". Mai rubutun na kwance a ɗakinsa a Gusau ko Kaduna, mai karantawa kuwa matashi ne a ƙauye, an kashe wansa jiya, ga bindiga a hannunsa. Babu alƙali, babu shaida, wataƙila ma rigimar gona ce tsakanin mai hoton da wanda ya fara turawa. Haka "a hana su shiga kasuwa" ke faɗawa kan makiyayin da shi ma an sace masa shanu. Duk wanda ya danna turawa yana da kaso a wannan jinin, wallahi.

Hauwa'u: Nan ba ni da ja, Aminu. Sai dai kar mu mayar da shiru magani. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a nan Zamfara don toshe sadarwar 'yan bindiga, mu ma muka kasa kiran 'yan'uwa, muka kasa tura kuɗi. Na san ɗacin rashin murya.

Malam Bello: Ban ce a yi shiru ba, 'yata. Ladabi na ce, kuma ina nan kan bakana.

Kabiru: To ga shawara. Duk saƙon da ya shigo wannan zauren namu da "ku yaɗa" ba tare da majiya ba, ko mai hoton wani ana zarginsa, a goge shi.

Hauwa'u: Na amince. Amma wanda ya ce gwamna ya je Tsafe ya gani da idonsa, kar a taɓa saƙonsa, ko da bai sa "don Allah" ba.