Wai lissafin P/E yaudara ne?

Mai Ƙorafi: Jama'a, lissafin nan na P/E yaudara ne kawai. An ce a raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da yake kawowa a shekara, in lambar ta fito ƙarama an samu araha. Na sayi na wani kamfani da nasa bai wuce 5 ba, ga shi kullum sai ƙasa yake yi. Masu koya mana ku fito ku yi bayani.

Akawu: Malam, wa ya ce maka ƙaramar lamba araha ce? Hannun jarin 100 mai ribar 20, P/E ɗinsa 5 ne. In ribar ta sauka zuwa 4 baɗi, ya zama 25 alhali farashi bai motsa ba. Kamfanonin mai da na ƙarfe haka suke, lokacin da ribarsu ta kai ƙololuwa ne lambar ta fi ƙanƙanta, don kasuwa ta riga ta hango saukowa.

Hajiya: Dama araha ba ta ado.

Dattijo: A'a Hajiya, araha tana nan daram. Benjamin Graham, malamin shahararren mai zuba jarin nan na Amurka Warren Buffett, ya shawarci mai taka-tsantsan kada ya sayi hannun jarin da P/E ɗinsa ya wuce 15.

Ɗan Zamani: Baba, Graham ya rasu tun 1976. Amazon ya yi shekaru P/E ɗinsa yana sama da 100. Wanda ya tsaya jiran 15 har yau yana jira. Tsada ce arahar yanzu.

Dattijo: Yaro, haka irinku suka faɗa a 2000. Kafin ƙarshen 2002 Nasdaq, kasuwar hannun jarin Amurka da kamfanonin fasaha suka cika, ta zubar da kusan kashi 78 cikin 100 na darajarta.

Ɗan Zamani: Waye yaro?

Akawu: Ku tsaya. Ba a gwada banki da kamfanin fasaha, kowa da sa'anninsa ake auna shi. Wanda bai ci riba ba ma ba shi da P/E sam.

Hajiya: Akawu, ba kai ne kake tallar ajin koyon hannun jari a nan ba? Dole ka kare lissafin.

Akawu: Hajiya, ki kawo hujja ko ki janye.

Ɗan Zamani: Ni dai a janye "yaro" tukuna.

Mai Ƙorafi: To ni in sayar ko in riƙe?

Hajiya: Ban janye ba. Kowa ya ga tallar.

Admin: An rufe wannan magana. Abin da aka cimma shi ne Dattijo ya yi daidai, duk abin da ya haura 15 tsada ne, kamar yadda na sha faɗa muku. Batun Amazon sa'a ce, ba a kafa hujja da ita. Bayanin Akawu ya yi tsawo, mai buƙata ya bi shi ta bayan fage. Ɗan Zamani kuma ya koyi girmama manya.

Ɗan Zamani ya fita daga zauren.