Waƙoƙin Japan masu farawa da "sa": harafi ne ko gaɓa?

Ɗalibi a Osaka: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya raina a ɓace yake. Mun je karaoke (wurin da ake saka kiɗa mutum ya rera waƙar da kansa) da 'yan ajinmu, na ɗauki ɗan allon da ake zaɓar waƙa na danna "sa", jerin ya yi ta gangarowa har yatsana ya gaji. Na ce babu harafin da ya kai "sa" yawan waƙoƙi a Japan, sai wani ya kwashe da dariya a gaban kowa, wai baƙo ke magana. To ku duba: "Sakura Sakura" ta gargajiya, "Sakurazaka" ta Fukuyama Masaharu a 2000, "Sakura" ta Moriyama Naotaro a 2003, ta Kobukuro a 2005, ta Ikimono-gakari a 2006. Kuma akwai dalili. Furen sakura yana buɗewa daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, a Maris ɗalibai ke kammala makaranta, a Afrilu ake buɗe sabuwar shekarar karatu. Fure ɗaya ya haɗa rabuwa da sabuwar haɗuwa, ta yaya mawaƙa za su ƙyale shi?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gyara tukuna. "Sa" ba harafi ba ce, gaɓa ce: baƙi da wasali.

Mai kallon anime (katun ɗin Japan): Malama, da girmanki, wannan lissafin boko ne. A rubutun hiragana na Japanawa alama ɗaya ce tak, さ, cikin alamomi 46 na asali. Abin da aka rubuta da alama ɗaya ai harafi ne.

Malamar Hausa: Kunne ke jin gaɓa, ido ke ganin alama. Waƙa kuwa da kunne ake sauraronta.

Almajirin Zariya: A allo ma sin guda muke rubutawa, mu ɗora mata wasali bisa, mu karanta "sa". Ban taɓa jin malaminmu ya kira ta gaɓa ba.

Malamar Hausa: Ka yanke wa kanka hukunci, malam. Ka ce sin da wasali, abu biyu ke nan.

Mai kallon anime: To ga tambaya. Idan aka ɗiga 'yan layuka biyu a kafaɗar さ sai ta koma ざ, wato "za", kuma a jerin Japanawa wuri ɗaya ake ajiye su. Waƙar buɗe shirin anime na Evangelion ta 1995, "Zankoku na Tenshi no Teze", cikin 'yan "sa" take zama. In da gaɓa suke bi, me ya kai ta can?

Direba a Kumasi: Ku yi ta faɗa. Duk sakurarku wacce ta ƙetare teku? "Sukiyaki" ta Sakamoto Kyu ce ta hau lamba ɗaya a Amurka a 1963.

Ɗalibi a Osaka: Yaya, wannan da "su" ta fara. Kuma sunanta na gaskiya "Ue o Muite Aruko", da "u" ke nan. Sukiyaki sunan abincin nama ne, Turawa suka liƙa mata. Don Allah ku dawo kan maganata.

Direba a Kumasi: Wata nawa ka yi a can da za ka gyara mini? Tun ba a haife ka ba nake jin ta a rediyo.

Almajirin Zariya: Malama tana goyon bayan boko ne saboda a nan take cin abinci.

Malamar Hausa: Subhanallahi! Ni ma na yi allo kafin boko, kada ka raba ni da ajami. Ka janye.

Almajirin Zariya: Na janye ta abinci, ban janye ta harafi ba.

Mai kula da zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Malama ta kawo hujja ta ilimi cewa "sa" gaɓa ce, kuma ban ga wanda ya rushe ta ba. Ni ma haka aka koya mini a aji ɗaya na sakandare. Batun "za" wasa da hankali ne kawai. Yayanmu na Kumasi a yi masa uzuri, babba ne.

Mai kallon anime: Wasa da hankali? Ba wanda ya amsa tambayata fa!

Ɗalibi a Osaka: Ni ma ba a amsa tawa ba. Ranar Asabar za mu koma, zan danna "a", in danna "ko", in danna "sa", in ƙirga da hannuna a gaban wanda ya yi mini dariya.