Neman kalmar Hausa: me za mu kira "mana" ta wasannin sihiri?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu buga gem da masu kishin harshe. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, ina neman taimakonku.

Kwana uku ke nan ina rubuta wa ƙanena bayanin yadda zai raini masihirci a Skyrim, da Hausa, saboda Turancin cikin wasan yana yi masa yawa. Komai ya tafi daidai har na iso kan shuɗin layin nan da ke ƙasan allo ta hagu, wanda ke raguwa duk sa'ad da ka jefa wuta ko ƙanƙara. A Skyrim sunansa magicka, a Final Fantasy da Dragon Quest MP, a Elden Ring FP, amma sunan da ya fi yawo a bakin masu wasa shi ne mana. Ina rubuta shi sai na ga inda gizo ke saƙa. Mu ma muna da tamu mana: "zo mana", "ya kawo mana abinci". To ku karanta wannan: "Mana ta ƙare mana, ka sha mana." Babu mai karanta shi bai yi tuntuɓe ba. Aro ba laifi ba ne, ga mota, ga kwamfuta, ga intanet, duk sun zauna lafiya. Wannan baƙuwar ce dai ta tarar da takwararta a gida, kuma takwarar tana cikin kalmomin da bakinmu ya fi furtawa kullum.

Kafin ku kawo shawara, ga asalin kalmar. Ba ta Turanci ba ce. Ta mutanen tsibiran tekun Fasifik ce, irin su Mawori na New Zealand da mutanen Hawai da na Melanesiya. A wurinsu mana wani ƙarfi ne da martaba da ke tattare da mutum ko wuri ko abu, kamar basarake ko jarumin da ya yi nasara. Wani limamin mishan ɗan Ingila, Robert Codrington, shi ya bayyana ta ga Turawa a littafinsa na 1891 a kan mutanen Melanesiya. Daga baya marubucin Amurka Larry Niven ya ɗauke ta a wani gajeren labari na 1969 ya mayar da ita abin da sihiri ke ci, wanda ke iya ƙarewa. Daga nan ta shiga wasanni: Dungeon Master a 1987, wasan kati na Magic: The Gathering a 1993, sai Diablo da ya sa ta cikin shuɗin ƙoƙon gilashi a gefe ɗaya na allo, jan ƙoƙon rai a ɗaya gefen. Ke nan ko a Turancin ma an riga an karkatar da ita daga ma'anarta ta farko. Ba mu da wani dalilin riƙe ta tamkar gadon kakanni.

Abin da nake so a kalmar da za mu zaɓa: ta kasance gajera, a iya faɗinta ana tsakiyar faɗa, kuma ta zo da aikatau nata. Abin nan yana raguwa, yana ƙarewa, yana taruwa da kansa, ana sake cika shi, ana faɗaɗa ma'ajiyarsa, ana sace na abokin gaba. Duk kalmar da ba za ta iya waɗannan ba, ba za ta yi aiki ba.

*

Na gode da amsoshin da suka shigo tun daren jiya. Bari in bi su.

Wanda ya fara amsawa ya ce caji. Gaskiya shi ne abin da yara za su faɗa ba tare da an koya musu ba, kuma yana raguwa yana cika. Amma yawancinmu a waya muke wasa ko da hannun gem mai batir. Abokin wasanka ya ce maka "cajina ya ƙare", na masihircinsa yake nufi ko wayarsa ce za ta mutu? A tsakiyar faɗa wannan tambayar kaɗai ta isa ta kashe ku duka. Na ajiye shi.

Mutum huɗu sun ce makamashi. Ma'anar ta dace, domin asalinsa abin da wuta ke ci ne. Sai dai gaɓa huɗu ce, kuma kunnenmu ya saba jinta a labaran rediyo, wajen zancen fetur da lantarki. Ba a shan makamashi, ba ya kuma tsatsowa da kansa. Zai yi amfani wajen yi wa wanda bai san wasan ba bayani, ba wajen kiran abin ba.

Kuzari kuwa yana da gurbinsa. Koren layin da ke raguwa in kana gudu ko kana sara da ƙarfi, shi ne kuzari, babu gardama. Kada mu ba kalma ɗaya aiki biyu a allo ɗaya.

Wani malami da ya daɗe yana koyar da Hausa ya rubuto cewa: "Ɗana, abin da ka bayyana na mutanen tsibiran nan ai kwarjini ne." Malam, Allah ya ƙara basira, wannan ita ce amsar da ta fi burge ni, kuma in da fassarar kalmar ta asali muke yi, da a nan za mu tsaya. Kwarjinin sarki, kwarjinin malami, kwarjinin mafarauci, ga shi nan kusa ƙwarai da abin da Codrington ya rubuta. Amma kwarjini ba a auna shi da lamba. Ba a cewa kwarjininsa saura 30, ba a kuma kashe 7 daga ciki don a jefa dutse. Ta wasa muke nema, wadda aka riga aka mayar da ita kayan awo.

Asiri da tsafi suma sun zo. Asiri karyewa yake yi, ba raguwa ba. Tsafi kuma aiki ne da ake aikatawa, ba abin da ake ɗiba ba. Wata 'yar'uwa ta kawo tawada, ta ce tana da duhun shuɗi, tana ƙarewa, ana ƙarawa. Hoton yana da kyau, Yaya, amma tawada a wurinmu ta allo ce da makarantar allo, ba na son in jawo ta cikin wasan jifa da wuta.

Wannan ya kawo ni ga ɗan'uwan da ya ce me ya kai mu nema wa sihiri suna, alhali haramun ne. Na ɗauki maganarka da muhimmanci. Dalilin da ya sa ma na ƙi albarka da karama da baiwa, waɗanda wasu suka ambata, ke nan. Abin da ke cikin wasannin nan ƙirƙira ce irin ta tatsuniya, lissafi ne da zane, kuma a ganina gara a kira shi sihiri ƙarara yaro ya san mene ne, da a lulluɓe shi da kalmar da muke girmamawa.

*

Yanzu ga wadda ta sa na kasa barci. Wani bawan Allah daga Damagaram ya rubuta layi biyu kawai: "Malam, jan layin me kuke ce masa? In jini ne, to shuɗin ruwa ne."

Haka ne kuwa. Tun muna yara a gidan gem ba mu taɓa cewa wani abu ba sai jini: "jininka ya kusa ƙarewa", "saura jini kaɗan". Babu kwamitin da ya zauna ya zaɓa mana ita, bakin masu wasa ne ya haife ta. Jini da ruwa kuma tare suke tafiya a kunnen Bahaushe. Sai na ɗauki ruwa na gwada shi da wasannin da na sani ɗaya bayan ɗaya, in ga inda zai karye.

A Skyrim, wanda ya fito a 2011, yawanci kana farawa da 100 na jini, 100 na kuzari, 100 na wannan abin. Duk matakin da ka hau za ka zaɓi ɗaya ka ƙara masa 10. In ka ƙarar da shi ka ɗan ja da baya, zai riƙa taruwa da kansa a hankali. Wannan ai rijiya ce. Ka ɗiba ta ƙafe, ka dakata ta tsatso. Ƙarin 10 ɗin nan kuwa ƙara wa rijiya zurfi ne, har za ka iya tambayar abokinka rijiyarsa gaba nawa ce. Daɗin rainon masihirci a wannan wasan ma duk a nan yake. Da farko ka kunna wutar hannu na 'yan daƙiƙoƙi ka ga rijiya ta bushe, kyarkeci yana bin ka kana gudu. Daga baya ka je makarantar Winterhold, ka bi darajoji 5 na kowane fanni, ka buɗe gwanintar da ke rage tsadar sihirin kowace daraja zuwa rabi, ka ɗaura wa tufafinka abin da ke ƙara rage ta, har ka kai inda fanni guda ba ya cin ruwa ko ɗigo. Sihirin tsawa kuma in ka jefi wani masihirci da shi, ba jininsa kaɗai yake ci ba, har ruwansa yake ƙafarwa. Kun ga aikatau ɗin da kansu suke zuwa, ban nemo su ba.

A Elden Ring na 2022 ba rijiya ba ce, randa ce. Ba ta tsatsowa, sai ka zuba mata daga shuɗiyar kwalba, kuma kwalaben a ƙirge suke, kai za ka raba su tsakanin na jini da na ruwa. Sihirin jifa da ɗan dutse da ake farawa da shi yana cin 7 kacal, amma sihirin Comet Azur, wanda sai basirar jaruminka ta kai 60 kafin ka iya shi, kwararar da randar yake yi muddin kana riƙe da maɓalli. Ga wani abu kuma: ko randarka cike take, in babu sanda a hannunka ba abin da za ka jefa. Haka a Final Fantasy, in aka ɗaure maka baki ba ka iya furta komai ko da MP ɗinka bai taɓu ba. Bahaushe ya riga ya ba wannan halin suna tun kafin a ƙera kwamfuta: rijiya ta bayar, guga ya hana. Wanda kuma ya ƙarar da nasa dodo bai mutu ba, ruwa ne ya ƙare wa ɗan kada.

A Diablo II na 2000, masihirciyar tana da gwanintar da ke hanzarta taruwar ruwa, tana kuma da garkuwar da ke sa bugun da aka yi mata ya ci ruwa maimakon jini. "Bugu ya ci ruwa bai ci jini ba." Ku faɗa da baki ku ji yadda ta zauna.

*

An kawo ƙorafi biyu a kan ruwa, kuma duka biyun suna da hujja.

Na farko: ruwa kalma ce mai aiki da yawa. Ga ruwan sha, ga kuɗin ruwa, ga "ba ruwana", ga kuma sihirin da shi kansa na ruwa ne a wasu wasannin. Gaskiya ne. Shi ya sa nake ganin a rubuce, farkon ambato, a ce ruwan sihiri, daga nan a ci gaba da ruwa kawai. Jini ma ai yana da ma'anoni, ga jinin sarauta ga hawan jini, amma ba a taɓa ruɗewa da shi a gaban allo ba. Bambancinsa da mana shi ne ruwa suna ne da ke zama inda suna ke zama a jimla, ita kuwa tamu mana tana iya faɗowa ko'ina.

Na biyu ya fi ƙarfi: in aka ce ruwan sihiri, mutum zai ɗauka abin cikin kwalba ake nufi, wanda ake sha. Na yi ta juya wannan. Mafita ita ce a ba abin shan sunansa daban, kuma muna da shi: tsimi, irin wanda 'yan farauta da 'yan tauri ke jiƙawa su sha. Jan tsimi na mayar da jini, shuɗin tsimi na mayar da ruwa. Ether na Final Fantasy shuɗin tsimi ne a aikinsa. Da an raba su haka, ruɗanin ya kau.

Akwai kuma inda ruwa bai shiga ba sam, kada mu tilasta shi. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, ya bi tsarin Dungeons & Dragons ne, wasan tebur da ya fara fitowa a 1974. A can babu layin da ke raguwa. Masihirci mai karatu yana farawa da damar jifa 2 kacal, in ya kashe su sai ya yi dogon hutu a sansani su dawo duka, ban da ƙananan sihirin da ba sa cin komai. Sai ya kai mataki na 5 yake samun ƙwallon wuta, wasan kuma yana tsayawa a mataki na 12. Wannan ƙirge ne ba awo ba, kamar kibiyoyi a kwari. Na farkon Dark Souls a 2011 ma ƙirga jifa yake yi. Don wannan tsarin ni gurbi nake cewa, guraben sihiri: "saura mini gurbi ɗaya na daraja ta 3." Malamin da ya kawo kwarjini ya amince da ita, ya ce gurbi ai abin da ake cikewa ne bayan ya zama fanko.

Da yammacin nan na gyara takardar ƙanena. Ga yadda layin da ya tsayar da ni ya koma: "Idan ruwan sihirinka ya yi ƙasa, kada ka tsaya gaban maƙiyi. Ka ja da baya rijiyar ta tsatso, ko ka sha shuɗin tsimi. Matakai 10 na farko ka fi zuba ƙarinka a ruwa, amma kada ka bar jini a 100." Na miƙa masa ban yi masa wani bayani ba. Ya karanta sau ɗaya, ya ɗauki hannun gem, can da ya shiga wani kogo na ji yana ce wa abokinsa, "Tsaya, ruwana ya ƙafe." A sauran babukan bayanin ruwa da tsimi da gurbi zan ci gaba da rubutawa.