Kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya: tarkon hoto ko kyamarar fako?

Jama'a, salamu alaikum. Masu koyon ɗaukar hoton namun daji a Garwa, arewacin Kamaru, da masu rubuta labari na neman sunan Hausa ga na'urar nan da Turawan Ingila ke kira camera trap, Faransawa kuma piège photographique. Mu nan har mun fara cewa "fiyej", kuma in aka bari haka za ta zauna.

Ga wanda bai san ta ba: ƙaramin akwati ne da ake ɗaurewa a jikin bishiya, daidai gwiwa ko ƙugu, a bakin mashaya ko kan turbar dabbobi. Tana da idon da ke jin ɗumin jiki da motsi. Abu mai rai na giftawa sai ta ɗauki hotonsa da kanta, da dare ma tana ɗauka da wani haske da ido ba ya gani, shi ya sa hotunan dare ke fitowa fari da baƙi. Ana barinta makonni, a dawo a cire kati a canja batir. Da bazara iska na kaɗa busasshiyar ciyawa ta cika katin da hotunan banza, kura kuma na tauna ta in ta samu.

Amfaninta ga dabba mai ɓuya ne. Giwa ana ƙirga ta daga jirgin sama. Ta haka aka san giwayen Zakuma a Chadi sun faɗo daga sama da 4,000 a 2002 zuwa ƙasa da 500 a 2010. Amma wa zai hango damisa daga jirgi? Sai wannan akwati, kuma da yake zanen jikin kowace damisa daban ne, hoton na nuna ko guda ce ke ta zarya ko suna da yawa.

Sunan da ya fara zuwa bakin kowa shi ne tarkon hoto. Gajere ne, ya bi Turancin da Faransancin sak. Ni dai ban yarda da shi ba. A ƙauyukan da ke kewaye da gandun Benuwe, Faro da Buba Njidda, tarko waya ce da ke shaƙe gwanki ko ta karya ƙafar barewa, kuma ita ce masu gadin daji ke kwancewa suna kama mai ita. Yanzu a ce a rediyo masu gadin sun ɗana tarkuna a cikin gandu? Mai sauraro zai ce ashe su ma suna ci. Makiyayin da aka ce masa akwai tarko a mashaya kuwa fasa shi zai yi don tsoron shanunsa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Wani yayanmu a Marwa ya kawo kyamarar kwanton ɓauna. Yaya, wallahi ta yi daɗi, har da ɓaunar a ciki. Sai dai a yankin Waza, inda mutane suka sha wuyar 'yan bindiga, kwanton ɓauna hari yake nufi. Ga tsawo kuma, ba za ta shiga ƙarƙashin hoto a jarida ba.

Kyamarar dako ta faɗi tun a rubuce: mai karatu zai ɗauka ta ɗaukar kaya ce.

Abin da na tsaya a kai shi ne shawarar wani dattijo, tsohon maharbi: kyamarar fako. Baba ya ce maharbi na fakon nama a mashaya, mai gona na fakon ɓarawo. Ka laɓe, ka yi shiru, ka jira abu ya kawo kansa. Aikin na'urar ke nan, ba ragi ba ƙari. Ba ta kamawa, ba ta rauni.

Wata ƙanwarmu 'yar jarida ta ce ai fako ma akwai ƙanshin zargi a ciki, mutane za su ji kamar su ake sa wa ido. Ƙanwata, gaskiyarki, kuma shi ya sa na fi son kalmar. Na'urar ba ta bambanta zaki da mai saran itace, duk wanda ya wuce ta ɗauke shi. Gara sunan ya faɗi hakan a fili. Mu masu hoto sai mu kiyaye: fuskar mutumin da kyamarar fako ta ɗauka ba ta bugawa ba ce. Gawarwakin giwayen Buba Njidda da aka kashe da ɗaruruwa a farkon 2012 hotonsu ya girgiza duniya, har gwamnatin Kamaru ta tura sojoji, amma wannan aikin ɗan jarida ne da ya je da ƙafarsa, ya san abin da yake ɗauka.

Jam'inta kyamarorin fako, hoton da ta ɗauka hoton fako. Kada a ce "ɗana", tarko ake ɗanawa. A ce an kafa ta ko an ɗaura ta. Masu Fulatanci, ku ma ku duba naku, don a ƙauyukan Benuwe da shi ake yawan yi wa makiyaya bayani.